Ruwan azurfa na nano da na sayo ma tsirranmu na kwalba, ga abin da idona ya gani

Tun watan Janairu nike son in yi rubutun ga amma na ce bari in daure sai na ga ƙarshen abin, don ba ni son in yabi kaya yau gobe in dawo ina cizon yatsa. Yanzu wata bakwai ke nan da zuwan kwalbar farko ta ruwan azurfar kuma ta kusa ƙarewa, ta biyu tana nan ajiye sau ɗaya tak na buɗe ta, zan faɗi dalili in mun kai wurin.

Ga wanda bai san aikin ba, mu renon tsiro muke yi cikin kwalba, abin da 'yan lab ka kira tishu kalca. Ɗan ƙaramin ɗaki ne gare mu nan Sakkwato, mu huɗu ne, ni da wani ɗalibi ƙanena da Dakta da ke duba mu sai Baba wanda shike aikin lab tun muna firamare. Za ka yanko ɗan guntun tsiro, gaɓa guda mai ido, wani lokaci bai fi ƙwayar shinkafa ba, ka wanke da bilic ka ɗauraye sau uku da tataccen ruwa, ka ɗauka da hantsaki ka dasa bisa abincin da munka dafa ya daskare awa kunun da ya kwana. Abincin ga shi ake ce ma MS, sunan mutum biyu ne, Murashige da Skoog, su sunka fitar da shi a 1962 can Amurka suna aiki kan tsiron taba, kuma har yau shi ne tuwon kowace lab. A lita guda muna sa garin MS giram 4.4, sukari giram 30, aga giram 7 ko 8 don shi daskare, a daidaita pH zuwa 5.8, a dafa cikin tukunyar matsi a zafi 121 na minti 15 zuwa 20. Kwalaben mayonis muke aiki da su don su ke samuwa kuma suna jure wuta. In komi ya tahi daidai, gaɓa guda ta dankalin turawa cikin sati huɗu za ta ba ka tsiro mai gaɓa biyar ko shida, ka sake yankawa ka sake dasawa, haka-haka har ka tara ɗaruruwa daga uwa guda mai lahiya.

Abin da yas sa muka dage kan dankali shi ne mutanenmu na fadama da ke gwada shi lokacin hunturu, bakin gulbin Rima wajen Kwalkwalawa da makamantansu, iri daga Jos suke jira, kuma irin da anka yi ta juyawa shekara da shekaru ya riga ya kwashi bairos, manomi shi sha wahalar ban ruwa shi tona shi ga 'ya'ya ƙanana. Muna kuma da ayaba da zogale kaɗan a gefe.

To matsalar da ta hana mu barci kusan shekara guda ita ce tsirran suna hitowa amma ba su da kyan gani ko kaɗan. Dankalin zai yi tsawo siriri awa taliya, ganyen ƙanana ƙwarai ba su buɗewa, ga wasu fararen saiwoyi masu gashi-gashi na hitowa daga jikin kara suna lilo cikin iska maimakon su shiga abinci. Zogale kuwa sati biyu da dasawa sai ganyen su yi ɗorawa su zube, ka ɗaga kwalba ka gan su kwance bisa aga, kara tsirara. Ayaba ita ce ta fi ban tausayi, wasu sai su kumbura da ruwa, ganyen shi yi kauri shi yi sheƙi kana hango haske ta cikinsa, in ka taɓa da hantsaki shi karye ƙas. Mu "ɗan gilas" muke ce ma irin wanga. In ka fidda shi waje ko awa guda ba shi kai wa zai yanƙwane, don ba shi da kakin nan da ke rufe ganye kuma ƙofofin numfashinsa ba su iya rufewa. Abin da ke ɗaure kai shi ne kwalbar fes take, ba funfuna ba bakteriya, abinci garau. Wata safiya Baba ya ɗaga kwalba guda saitin fitila ya daɗe shina kallo, ya nuna min raɓar da ta taru jikin gilas yac ce, "Ɗana wagga ba cuta ta ba, iskar cikin kwalba ita ka cin su, kun rufe su ruf ba su da inda za su shaƙa." Kuma gaskiya ya faɗa, saboda tsoron ƙurar hunturu mukan naɗe bakin murfi da leda zagaye uku huɗu.

Iskar da Baba ke nufi sunanta etilin, kuma duk wanda ya taɓa sayar da ayaba ya san aikinta ko bai san sunanta ba. Ita ce ke sa in ka jefa nunanniyar ayaba guda cikin buhun ɗanyu ka ɗaure, kwana biyu duk su nuna. Kabaid ɗin nan da wasu ke zuba ma mangwaro, wanda hukuma ke ta gargaɗi a kansa, wata iska shike fitarwa mai kwaikwayonta. Ita etilin tsiro da kansa ke yin ta, kuma ya fi yin ta in an ji mashi rauni, mu ko duk sati huɗu sai mun sa mashi aska. A fili iska na kwashe ta, cikin kwalba rufaffa ba ta da hanya sai ta taru, ita ke sa ganye shi tsufa da wuri shi faɗi, ta hana shi faɗaɗa, kuma tana da hannu cikin ɗan gilas tare da yawan laima da yawan homon, sinadarin da muke sa ma abinci don tsiro shi yi 'ya'ya. Harshen fitilar sifirit da muke gasa hantsaki ma na fidda ta, hayaƙin janareto ma haka. Yadda ma aka fara gano ta abin ya yi kama da namu, wani ɗan Rasha ne Neljubow a 1901 ya lura tsirran waken turawa (pis) da shike reno cikin lab suna kwanciya a gicciye maimakon su miƙe, ashe gas ɗin fitilun ɗakin ne. Ranar da na karanta wanga na hita na dubi inda janaretonmu shike, taku biyar daga tagar ɗakin reno, washegari munka ja shi bayan gini.

Ina azurfa ta shigo ciki? Tun 1976 wani mai bincike Beyer ya nuna cewa azurfa narkakka na hana etilin aiki jikin tsiro. Wurin da tsiro ke jin etilin akwai ɗan jan ƙarfe ciki, azurfa kan je ta zauna mazaunin jan ƙarfen, to etilin na nan cikin kwalba ba ta tahi ko'ina ba amma saƙonta ba shi isa, awa ka toshe ma mutum kunne ana ta kiransa. Masu sayar da furanni a Turai sun daɗe suna tsoma su cikin ruwan azurfa don kada su yi saurin zubewa, kuma azurfa na kashe ƙwayoyin cuta, man nan da ake shafa ma ƙuna a asibiti akwai ta ciki. Abin da anka saba da shi a lab shi ne silba naitiret, wani gishirin azurfa mai narkewa cikin ruwa, kuma mun gwada shi can baya, sai dai shina da rigima, haske na ɓata shi, in ya taɓa yatsa sai ka yi kwanaki da baƙin tabo, kuma abincin MS akwai kalsiyam kulorayid miligiram 440 a lita, azurfa ko da ta haɗu da kulorayid sai ta dunƙule ta yi fari ta kwanta. Shi nano azurfa ce zalla anka yi ta ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, duk abin da ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100 shi ake kira nano, kaurin gashin kai guda ko ya kai wajen nanomita dubu 80, ka ga ba zancen gani da ido. Ƙwayoyin na yawo cikin ruwa suna sakin azurfar kaɗan-kaɗan, ba gaba ɗaya ba, wanga shi ne abin da ya ja hankalina.

Na same shi wajen wani mai sayar da kayan lab ta intanet, ba zan kama suna ba. Kwalba ce ruwan ƙasa mai mil 100, an rubuta 1000 ppm, girman ƙwaya nanomita 20. Kuɗinta ya kusa cinye rabin albashina, da aljihuna na saya don in na jira a fitar da kuɗi hunturu zai wuce. An sako ta mota daga Legas, kwana huɗu na je tasha na karɓa hannun direba, an naɗe ta da soso da kwali ba laifi, ba ta zuba ba. Da na buɗe ruwan duhu ne awa shayin da ya sha dahuwa, da na ɗiga kaɗan cikin tataccen ruwa sai ya koma ɗorawa garau mai kyau, wanga launi shi ake so, don ƙananan ƙwayoyin azurfa haka suke nunawa. Amma ba wata takarda ciki, ba ranar da anka yi shi, ba a faɗi da mi anka riƙe ƙwayoyin don kada su manne ma juna ba. Na tambaya ta WhatsApp sai bayan kwana uku anka ce min "original ne oga", shi ke nan amsar.

Lissafin ba wuya, tunda 1000 ppm ne, mil guda cikin lita guda ya ba ka 1 ppm, wato miligiram guda. Karon farko na zuba shi cikin abinci kafin dahuwa na sa tukunya gaba ɗaya, da na buɗe sai na ga abincin ya yi toka-toka, gindin fulas ɗin da wani baƙin gari, ƙwayoyin sun dunƙule saboda zafi da yawan gishiri. Lita guda ta tahi a banza, ta yi min ciwo ƙwarai don garin MS ba arha gare shi ba. Dakta ya duba yac ce in dafa abincin daban, in bari shi huce har in iya riƙe fulas ɗin a tafin hannu ba tare da na saki ba amma bai fara daskarewa ba, sannan in ɗiga nano ɗin cikin hud, akwatin tatacciyar iska da muke dashe ciki, ta matatar sirinji in juya a hankali in zuzzuba. Haka na yi, ya hito fes da ɗan launin ɗorawa. Kuma kada wanda ya kuskura ya tsarma shi da fiya wata ko ruwan bohol, ƙanena ya gwada da ɗan kaɗan don shi gani, nan take ya gurɓace.

Na jera kwalabe kashi shida, goma-goma, kashin farko ba komi, sai 1, 2, 5, 10 da 20 ppm, kowace kwalba gaɓa biyar ta dankali daga uwa guda, fitila awa 16 duhu awa 8, esi na riƙe ɗakin wajen 24. Sati na farko ba ka ganin wani bambanci, har raina ya fara sanyi ina tuna kuɗina. Kwana na goma sha biyu ne na shigo da safe na kunna fitilar kanta, sai idona ya faɗa kan layin 2 ppm, wallahi tsayawa na yi. Ganyen sun buɗe, faffaɗa, kore shar, irin ganyen dankalin da ka sani a gona sai dai ƙarami, har kana ganin jijiyoyinsa da ɗan gashin da ke bisa. Karan ya yi kauri ya tsaya da ƙafarsa bai jingina da gilas ba, tsakanin gaɓa da gaɓa bai yi nisa ba, kuma saiwoyin nan masu lilo cikin iska babu su, duk sun nutse cikin abinci farare tas. Na ɗauko guda na aje kusa da wadda ba a sa ma komi ba, uwa guda rana guda hannu guda ya dasa su, amma sai ka rantse iri biyu ne. Na kira Baba nic ce, "Baba ku zo ku gani." Ya zo ya sa tabarau ya juya kwalbar hagu da dama, bai yi magana ba sai da ya duba duka goman ɗaya bayan ɗaya, sannan yac ce, "To, wanga kam dankali na. Allah shi sa albarka." Wanda ya san Baba ya san ba kasafai shike yabon abu ba. Na 1 ppm ma sun gyaru amma ba su kai ba, na 5 sun yi kyau su ma sai dai sun ɗan fi gajarta. Ranar yanka na ƙara jin daɗinsa, don gaɓar da ke da faffaɗan ganye da kara mai kauri ta fi sauƙin kamawa da hantsaki, ba ta lanƙwashewa, kuma ta fi saurin tashi in an sake dasa ta. Na maimaita zagaye na biyu a Fabrairu don kada ya zama dace ne, abin da na gani shi na sake gani.

Daga 10 abin ya fara juyawa. Saiwar ta gajarce ta yi kauri, bakinta ya yi ruwan ƙasa, tsiron ya tsugune. Na 20 kuwa wasu gaɓoɓin ko motsi ba su yi ba, gindinsu ya yi baƙi inda ya taɓa abinci. Azurfa in ta yi yawa guba ce ga tsiro, saiwa take fara kamawa. Ina jaddada wanga don na san halinmu, in an ce abu na aiki sai a ce bari a ƙara don shi fi aiki, nan ba haka ba ne ko kaɗan, tazarar da ke tsakanin gyara da ɓarna 'yan ɗigo ne na fifet. Kuma adadin da ya yi ma dankalina ba lalle shi yi ma naka tsiron ba, ko ma wani irin dankalin, dole kowa shi jera nasa kwalaben shi gani.

Zogale ya amsa, ganyen sun daina zuba da wuri, sun kai lokacin yanka suna kore, nan ma na gamsu. Ayaba ce rabi da rabi. 'Yan gilas sun ragu amma ba su ƙare ba, sai da munka rage BAP, homon ɗin da ke sa ta yawan 'ya'ya, munka kuma ƙara aga daga giram 7 zuwa 8 sannan anka ga sauƙi na sosai. Baƙin da gindin ayaba ke yi kuwa, wanda ke malala cikin abinci awa an zuba tawada, nano bai yi mashi wani abin kirki ba a wurina. Wancan ruwan jikinta ne ke haɗuwa da iska shi yi duhu, irin yadda yankakken gauta ko dankali ke yi in an bar shi, maganinsa har yau shi ne tsoma ta cikin ruwan bitamin C kafin dasawa, da garin gawayin lab cikin abinci, da saurin canza mata kwalba. Haka bushewar kan tsiro da mukan gani jefi-jefi, inda toho na sama ke mutuwa, shi ma bai daina ba, don wancan ƙarancin kalsiyam ne da ba shi kai wa sama in laima ta cika kwalba ganye ba shi fidda ruwa.

Maganar kashe ƙwayoyin cuta da masu talla ke ta kururutawa, akwai gaskiya ciki amma kaɗan. Wani farin hazo na bakteriya da kan hito daga gindin ayaba bayan sati biyu uku, irin wanda ke ɓoye cikin jikin tsiron bilic ba shi kai gare shi, na ga ya ragu. Amma funfuna ba ruwanta, ranar da iska ta taso da ƙura anka bar ƙofa buɗe muna dasawa, kwalba bakwai sunka kama, masu nano da marasa nano duka, kore da baƙi sun rufe abinci cikin kwana huɗu. Kuma ba shi cire bairos daga dankali, wancan sai an yanko ɗan mitsitsin kan toho ƙarƙashin madubi. Wanke hannu da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari da gasa hantsaki da rufe baki suna nan inda suke.

Abin da ya fi burge ni a duk gwajin ga ma ba daga kwalbar da na saya ya hito ba. Baba ya ɗauki ƙusa ya gasa ya huda murafu goma, ya liƙe hudar da filastar takarda irin ta kemis ninki biyu, iska na wucewa ƙura ba ta wucewa. Waɗannan ba mu sa masu nano ba, amma raɓar jikin gilas ta ragu, ganyen ya faɗaɗa fiye da na rufaffu, bushewar kai ma ta ragu. Ba su kai na 2 ppm kyau ba amma sun biyo su kusa, da kuɗin filasta kawai. Da munka haɗa biyun, huda da 2 ppm, su ne tsirrai mafi kyau da ɗakinmu ya taɓa fiddawa. Illar hudar guda ce, nan garin iska busasshiya ce, abinci na saurin tsotsewa ya tsage, don haka sai an ɗan ƙara yawansa cikin kwalba kuma kada a wuce sati huɗu.

Wajen fitarwa waje nan ne ake sanin na ƙwarai. Ƙarshen Fabrairu munka wanke agar daga saiwa, munka dasa cikin kofunan roba da yashin gulbi da anka turara da ɗan taki ruɓaɓɓe, munka kifa leda, ƙarƙashin inuwar dogon yaro bayan lab. Kullum sai a ɗan ƙara buɗe ledar. Waɗanda sunka tashi da nano da huda yawancinsu sun kama, sirara na rufaffun kwalabe ko kwana uku ba su yi ba sunka kwanta.

Sai kwalba ta biyu. Da na ga aiki na yi kyau Dakta ya amince anka sayo wata a Afrilu daga wuri guda, suna guda, rubutu guda. Ta zo cikin tsakiyar zafin nan da ke haura 40, ta kwana biyu a tasha kafin direba shi kira ni, kwalin da zafi rau na karɓe shi. Da na buɗe launin ba irin na farko ba ne, ya yi toka mai duhu, ga wani abu kwance a gindi, in ka girgiza shi taso in ka aje shi koma. Na tsarma kaɗan na haska da 'yar fitilar leza irin ta yara da ake sayarwa kasuwa, a na farko za ka ga layin hasken ya ratsa ruwan siriri tsaf, a wanga kuwa har ɗigo-ɗigo kake gani suna ƙyalli suna yawo, alamar ƙwayoyin sun manne sun girma. Munka kai wani lab da ke da na'urar auna haske, a zanen da ta fitar na farko ya ba da tsauni guda mai tsini kusa da nanomita 400 na ma'aunin haske (ba girman ƙwaya ba) yadda ya kamata, na biyu ya baje ba tsini. Na tura ma mai kayan hotuna, amsar da na samu ita ce in girgiza sosai kafin amfani. Girgiza ba ta raba ƙwayar da ta riga ta dunƙule. Ko zafin hanya ne ko tsohon kaya ne anka sako, ba a karɓa ba kuma ba a canza ba, kuma abin ya ɓata min rai ƙwarai don ni na kawo shawarar kuma kuɗin lab ne wanga karon ba nawa ba.

Don haka in za a tambaye ni, ruwan kansa na yaba mashi, mai sayarwa ban yaba ba. Duk mai son saye shi nemi takardar da ke nuna girman ƙwaya da ƙarfinsa da ranar yi da abin da anka riƙe shi da shi, in ba a ba shi ba shi nemi wani wuri, kuma shi yi odarsa cikin sanyi tsakanin Nuwamba da Janairu. Ajiyarsa firij ne, cikin duhu, amma ban da wurin ƙanƙara don daskarewa ma na lalata shi. Wanda kuma aljihunsa bai kai ba kada shi ga awa an bar shi baya, in ka haɗa silba naitiret da sodiyam tayosalfet, kashi ɗaya na naitiret da kashi huɗu na tayosalfet a lissafin mola na 'yan kemistiri, ba na giram ba, za ka samu abin da ake kira STS wanda an daɗe ana sa ma dankali kuma ya fi arha nesa ba kusa ba. Na san kuma ɗalibai da yawa yanzu na haɗa nasu nano da ruwan ganyen dogon yaro ko zogale da silba naitiret, ruwan shi juya ruwan ƙasa, abu ne mai kyau a koya, sai dai na yau da na gobe ba su cika zuwa girma ɗaya ba, ga kuma sauran ruwan ganye ciki, ni ba zan zuba shi kan irin da nike shirin ba manomi ba sai an auna shi.

Akwai abu guda da nike roƙon kowa. Satin da batirin solarmu ya samu matsala na kawo kwalbar gida na sa firij, Inna ta gani ta tambaye ni ko maganin mi ne, nic ce na tsirrai ne, tac ce ai ta ji ana cewa ruwan azurfa na maganin ciwon ciki da sanyi. Gabana ya faɗi. Na zauna na yi mata bayani cewa wanga ba na sha ba ne, wanda ya daɗe shina shan azurfa tana taruwa cikin fata ta mai da shi toka-toka mai shuɗi kuma ba ta komawa har abada. Nan take na naɗe kwalbar da foyil na rubuta BA A SHA da jan biro da boko da ajami, washegari na mai da ita lab. Haka ragowar abincin da ke da nano ba mu zuba shi kwata, don azurfa na kashe kifi da ƙananan halittun ƙasa masu amfani, kuma kwatar garin ga ƙarshenta gulbi ne inda mutane ke kamun kifi suna ban ruwa. Jarka muka ware muna tarawa.

Yanzu da damina ta sauka ba lokacin dankali ba ne a waje, don haka mun mai da kwalabe sittin cikin duhu da sukari giram 80 a lita don su yi 'yan ƙananan 'ya'ya, na leƙa jiya wasu sun kai girman gujiya. Su muke son kaiwa fadama a Nuwamba, wani dattijo ya ce zai ba mu kunya huɗu gefen albasarsa. Abin da ya rage cikin kwalbar farko bai fi mil goma sha biyar ba, a 2 ppm zai yi min lita bakwai, ya isa har lokacin. Na rubuta ma wasu masu kaya biyu na ce su fara turo takarda kafin mu yi maganar kuɗi, guda ya turo, shi zan gwada in sanyi ya shigo in Allah ya kai mu.